Ba Mai Raɗa Mini a Kunne

Ni, Murdo Gilfillan, haifaffen Oban ta ƙasar Scotland, mazaunin unguwar Coyoacán a birnin Meziko, ina rubuta wannan da cikakken hankalina. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, kan kuwa lafiyarsa lau. Sau talatin da ɗaya na mutu a wasannin talabijin: an harbe ni, an ba ni guba, an turo ni daga bene har sau huɗu. Wannan karon ba darakta da zai ce a sake ɗauka, shi ya sa na kasa zama wuri ɗaya. Rabin takardar nan a tsaye na rubuta ta.

Zuwa ga 'ya'yana uku, Catriona da Ximena da Nazario.

Na ɗaya. Gidan nan na Ximena da Nazario ne, su raba daidai. Shi ne gida na goma sha huɗu da na zauna a garin nan, kuma marigayiya mahaifiyarsu Amparo ce ta hana ni na sha biyar. Ta ce, "Kai dai ƙafarka ƙaiƙayi take yi, Bature mai jan kunne. Ka ƙara ɗaga akwati ka gani, ni zan harbe ka, kuma ba tashi za ka yi ka ci abincin rana ba."

Na biyu. Nazario, zanen mazan ƙabilarmu da na zo da shi naka ne. Ka ɗaura ko sau ɗaya, ko abokanka za su mutu da dariya. Hotunan wasannina kuwa ku raba wa matan kasuwar unguwa. Shekara arba'in suna zagina saboda mugun Baturen da nake fitowa, ɗaya har ta maka mini jakar tumatir tana cewa, "Sakar mata gonarta, azzalumi." Ban taɓa samun yabo mai daɗin wannan ba.

Na uku. 'Yar na'urar kunnen da ke cikin akwatin agogona, kada a binne ni da ita, kada kuma wani ya gaje ta. Kun san yadda muke aiki: ba ma haddace komai, abokin aikinmu Eleuterio yana zaune a ɗakinsa da takarda yana raɗa mana a kunne, mu kuwa muna maimaitawa. Na zo ƙasar nan aikin wata shida ban san ko gaisuwa da Sifaniyanci ba, amma ran farko a cikin wasa na yi wa mace alkawarin aure, na kori ma'aikata biyu, duk ta bakin Eleuterio. Abin ya yi mini daɗi, har na saba jiran a gaya mini abin da zan faɗa.

Na huɗu naki ne, Catriona, kuma a kansa nake ta zagaya ɗaki tun safe. Kina shekara shida na bar ki a Oban, na ce miki wata shida zan yi. Kika girma, kika koyi Sifaniyanci don kawai ki ji abin da babanki yake faɗa a talabijin. Da kika zo kina shekara ashirin da biyu, muka zauna a gidan shayi, kika ce, "To Baba, ga ni. Ina jin ka." Na saurara a kunnena, shiru. Sai na ɗora hannu a ƙirji na ba ki haƙuri da kalmomin da na faɗa wa 'yar wasa a wurin aiki ranar Talata. Kika yi kuka, kika rungume ni. Bayan mako biyu aka nuna wasan kina masaukinki, kika ga hannun, kika ji kalmomin, ko ɗaya ban canja ba. Shekara ashirin da tara ke nan ban ƙara jin muryarki ba, kuma ban ga laifinki ba.

Ga nawa kalmomin yanzu, ba wanda ya raɗa mini. Na bar ki don ina son tafi fiye da zaman gida. Na ji kunyar dawowa, kunyar ta zama shekaru. Na cuce ki sau biyu. Ba su da daɗin ji, amma iyakar abin da na iya ke nan. Ɗakin mahaifina da ke bakin teku a Oban naki ne, ko kin yafe ko ba ki yafe ba.

Na biyar. Ximena, kin rantse ba za ki yi wa Catriona magana ba don ba ta amsa wasiƙar rasuwar mahaifiyarki ba. Ajiye wannan. Ni na rubuta sunana a bayan ambulan, kuma na tabbata ba ta buɗe ba. Fushin da ni ake yi, kada ki gaje shi tare da gidan.

Na shida. Inda za a binne ni. Na rubuta Oban na kashe, na rubuta kusa da Amparo na kashe, na sake rubuta Oban. Na bar muku. Sharaɗina ɗaya: ku ukun ku yanke, a tebur ɗaya, kuna kallon juna, ba ta waya ba. Na san wayo ne, kuma shi ne na ƙarshe da zan yi muku.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku natsuwar da ban samu ba, Ya sa 'ya'yanku su san juna. Ximena, Nazario, kuna da yaya, ku riƙe ta. In ta ce za ta zo, ku biyun ku je filin jirgi da kanku, kada ku aika direba. In kuwa ta ƙi, kada ku ce mata komai. Ku ajiye ni inda ya sauwaƙa, ku sayi rigunan sanyi, ku tafi Scotland ku ƙwanƙwasa mata ƙofa.