Kujerar Angona

Litinin, 3 ga Maris

Yau Auta ta kafa wata kujera mai kama da kwando a bayan motarta, wai nan jikana zai riƙa zama. Angona, ɗan wata bakwai, an juya masa fuska yana kallon baya kamar mai laifi, an ɗaure shi da bel ta kafaɗa da tsakanin cinya. Ni kuwa ina gefensa da cinyoyi biyu lafiyayyu ba su da aikin yi. Na ce ta miƙo min shi. Wai, "Mama, ba a riƙe yaro a hannu in mota na tafiya." Ita da a kan cinyar nan ta yi duk tafiye-tafiyenta, yau ita ke koya min reno. Ba zan yarda ba.

Laraba, 5 ga Maris

Ya yi kuka tun daga ƙofar gida har asibitin rigakafi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Asabar, 8 ga Maris

Na gano matsalar, kujerar ce ke da tauri. Na shekara da shekaru ina ɗinki, hannuna ya san abin da jiki ke so. Na ture kayan mutane gefe, na yanko soso mai kauri, na lulluɓe shi da ragowar yadi mai laushi, na ɗinka masa 'yar katifa daidai bayansa, har da ramin da bel zai bi.

Auta ta jujjuya ta, ta ce ta yi kyau, sannan ta ce ba za a sa ba. Wai soso yana lotsawa, in aka taka birki bel zai yi sako-sako yaro ya zame. Surukina na gefe yana sosa ƙeya. "Mama, ku yi haƙuri, sai mu sa masa a gado." A gado! Na ɗauke abata na dawo da ita gida.

Talata, 11 ga Maris

Muna hanyar kai shi gidan reno ya fara kuka, har yana shiɗewa, yana miƙo min hannu. Na danna maɓallin bel ɗin na ciro shi. Nan take ya yi shiru, ya kwantar da kai a wuyana. To wa ke da gaskiya?

Auta ta gangara gefen titi ta kashe mota. Ba ta ko juyo ba. Ta ce ba inda za mu je sai an mayar da shi. Na ce to mu wuni a nan. Muka zauna, ana ta yi mana hon. Can ta ce, "Mama, ina ƙaunarki, amma in kika sake kwance shi, kin daina shiga mota da shi."

Ni ta faɗa wa haka. Ni da na haife ta. Na mayar da shi ne kawai don kada ta makara wurin aiki.

Laraba, 12 ga Maris

Ba ta biyo ta nan ba. Ta wuce da shi.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban kira ta ba, kuma ba zan kira ba. Abin haushin, har yanzu da safe ina shiryawa in zauna da mayafi kusa da taga, sai in tuna. Kewar yaron nan ta hana ni sakat. Na ɓata wuyan rigar wata, sai da na warware.

Litinin, 17 ga Maris

Ƙaramin keken ɗinkina na lantarki yana tsallake zare. Surukina ya zo zai kai ni wurin mai gyara. Ya ce a sa shi a but ɗin mota, na ƙi, kada ya yi ta gwaruwa. Na zauna a baya na rungume shi a cinya da hannu biyu.

Daf da shataletale wani mai babur ya gitto. Birki kawai surukina ya taka, ko gudu ba ma yi. Ban san lokacin da keken ya bar hannuna ba. Sai ƙara na ji, ya daki bayan kujerar gaba ya faɗa ƙasa, murfinsa ya tsage. Wuyan hannuna ya gurɗe. Wallahi na riƙe shi da iya ƙarfina. Na riƙe shi.

Surukina bai ce komai ba sai "Sannu Mama, sannu." Da ma ya yi wata magana, da na sami abin faɗa.

Keke ai ba mutum ba ne, santsi gare shi.

Talata, 18 ga Maris

Angona ya fi keken nan nauyi. Ban san me ya sa na tsaya tunanin wannan ba.

Asabar, 22 ga Maris

Auta ta zo da shi, wai ta ji labarin hannu, za ta kai ni a duba. Ba ta tada zancen ba, ni ma ban tada ba. Yayata tana gidan, ta ce za ta raka mu. Muka sa shi a tsakiya, ni nan ita can.

Ba mu yi nisa ba ya fara kuka. Yaya ta ce, "Kai, wannan wace irin azaba ce? Zo nan maigidana," ta kai hannu kan maɓallin. Sai ji na yi na doke hannunta. Yayata, wadda tunda nake ban taɓa ɗaga wa murya ba. Ta zuba min ido baki buɗe. Na ga idon Auta a madubi, na ce ta dubi hanyarta.

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Yaya ce ba ta iya riƙon yaro ba, tun da can haka take.

Ya yi ta kuka har muka isa. Na ɗora lafiyayyen hannuna a ƙirjinsa, a saman bel ɗin, ina yi masa waƙa. Ban ciro shi ba sai da Auta ta kashe mota.