Kifin da Yaya Toivo Ya Taɓa wa Wutsiya

Sointula,
Watan Satumba.

Zuwa ga Yayata Aune,

Gaisuwa mai tarin yawa, irin ta ƙane ga yayar da ta goya shi, tare da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki Lorne da yara da jikoki. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi, ya ƙara miki haƙurin zama a Thunder Bay, bakin wancan tafki naku da kuke yi wa kallon teku alhali ko ɗigon gishiri babu a cikinsa. Mu nan lafiya lau. Uwargida Marjatta tana ta yaƙi da barewa a kan tumatirinta, kuma zuwa yanzu barewa ce ke kan gaba. 'Yarmu Liisa ta koma karatu Victoria, kwalaben kifin da ta kwasa sun fi littattafanta nauyi. An gyara rufin ɗakin taro, jirgin fito kuwa har yau sai lokacin da ya ga dama yake zuwa. Ni ma na koma aji, ina koya wa 'ya'yan masunta tarihin sarakunan da ba su taɓa kama ko kifi ɗaya ba.

Na san labari ya riga takardata isa gare ki, tunda Doreen matar Yaya Toivo in ta ɗauki waya ba ta san ajiyewa ba. Na ji an ce miki wai na yi zuciya saboda kifi ya kuɓuce mini. Haba, Yaya. Na haura hamsin, kifayen da suka kuɓuce mini a duniya za su cika jirgin fito har a rasa inda za a sa motoci, ban taɓa ƙaurace wa kowa a kansu ba. Ki gyara zama ki ji daga bakin wanda ke riƙe da sandar.

Kin san na daɗe ni ke rubuta rahoton kamun kifi da ake liƙawa a ƙofar kanti duk mako. Na karanta littattafai daidai gwargwado, amma ban taɓa ganin fannin rubutu da ake girmama maƙaryaci a cikinsa kamar wannan ba. Wanda ya kama a arewa ya zo kwata, inda jirage ke tsayawa, ya rantse mini a kudu ne, wanda ya saki zare zurfin ƙafa arba'in ya ce tamanin. Ni kuwa in gyara musu jimla in liƙa. Kowa ya karanta, ya juya maganar, ya tafi inda yake so. Ba a cuci kowa ba, don ƙaryar da duk gari ya san da ita ba ta cin amana. A sana'ar nan wuri ɗaya ne kawai babu wasa a cikinsa, shi ne koma, ragar nan mai ƙota da ake ɗebo kifi da ita.

Ba sai na tuna miki ba, ke da kika fi mu duka iya ta, amma bari in faɗa don in ji sanyi. Baba ya koya mana mai sanda ba ya taɓa koma, aikinsa ya gajiyar da kifi ya jawo kansa. Mai koma kuma ya tattare ragar a hannu, ya yi haƙuri har kifi ya kwanta a gefe guda, sannan ya tare shi ta kai, ɗiba ɗaya, ya miƙar da ƙota sama bakin ragar ya rufe. Ba a bin kifin salmon ta wutsiya, don gaba kawai ya san tafiya, kana taɓa bayansa ka ba shi ƙarfin da ya riga ya ƙare masa. Ga shi kuma ƙugiyarmu ba ta da ƙaya, zare na yin sanyi ta zame. Shi ya sa kan kifi rabon mai koma ne, ya kai gida a yi masa miya, ladan amana. Shekara talatin ke nan ni da Yaya Toivo muna musayar kawunan kifi a jirgin Baba. Na ci nasa, ya ci nawa.

Kin kuma san allon da ke ɗakin taro, mai ɗauke da sunan wanda ya kama cinuk, wato babban salmon, mafi girma da sanda a ruwanmu. Suna ɗaya yake ɗauka, in sabo ya zo a shafe na da. Tun muna yara sunan Baba, Arvo Kallio, ne a kai, laba hamsin da shida, kuma Yaya Toivo ne ya sa wa Baba koma a ranar, yana ɗan saurayi. Wannan labari mun ji shi a kowane biki da kowace jana'iza, har na kan iya faɗin inda zai yi tari.

To, ranar Asabar ta ƙarshen Agusta muka fita da sassafe cikin hazo, muka nufi bayan Dutsen Hankaka, wurin Baba. Yaya yana ta tsokanata kamar kullum, wai Malam mai alli ya kula kada ya gyara wa kifi nahawu ya gudu. Ruwa na fara cika sai sandata ta dunƙufa kamar an rataya mata buhun siminti. Zare ya yi ta gudu, abin naɗinsa ya faffasa mini yatsu, ban ma ji ba sai daga baya. Ba zan gaya miki tsawon lokacin da muka yi muna ja-in-ja ba, kada ki ce rahoto nake rubuta miki. Na dai san kofi ya huce, hazo ya yaye, tsoho Sulo da ke kusa da mu a ɗan kwalekwalensa ya naɗe nasa zaren ya zauna kallo. Da kifin ya taso karo na farko na ga faɗin bayansa. Sulo ya cire hula. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne yadda Yaya Toivo ya ƙura wa kifin ido yana auna shi.

Daga ƙarshe kifi ya gaji ya kwanta a gefe, ga cikinsa fari fat, ga idonsa yana kallona. Na ja da baya a hankali, na kawo kansa daidai inda aka koya mini, na ce Yaya bismillah, naka ne. Sai na ga koma ta shiga ruwa ta baya. Ta baya, Yaya Aune. Bakinta ya dungure masa wutsiya, ya zabura ƙarƙashin jirgi, sanda ta miƙe, ƙugiya ta dawo mini ita kaɗai tana lilo. Sulo ya ɗaga murya daga can, ya ce kai Toivo, yau kuma ta taga ake shiga gida, ko jikanyarsa mai wasa da 'yartsana ta san ta ina kifi ke tafiya, in idonka ya mutu ka zo in ara maka nawa.

Ga inda za ki yi mini dariya. Lallashinsa na yi. Na ga ya zauna ya dafe kai, sai tausayinsa ya kama ni, na ce tsufa ne, kowa da ranarsa, ya je a duba masa ido. Har na buɗe masa ragowar burodin da Marjatta ta ƙunsa mini. Ya karɓa ya ci.

Da yamma muka shiga sauna kamar kowace Asabar, ɗakin wankan tururin nan da Baba ya gina a bayan gida. Kin tuna dokarsa: a ɗakin nan ba a ɗaga murya, ba a zagi, ba a faɗa, wanda ya shigo da fushi ya bar shi a ƙofa tare da takalmi. Ban taɓa sanin ana iya mai da dokar nan makami ba sai ranar. Yaya ya jira muka zauna, ya watsa ruwa a kan duwatsu, tururi ya tashi ya rufe mana fuska, sannan ya ce mini a hankali ba kuskure ba ne. Ya ce ya auna kifin da ido, ya haura laba sittin. Ya ce da ya ɗaga koma sai ya hango ana goge sunan Baba da farin fenti, hannunsa ya ƙi. Na ce masa cikin raɗa, tunda raɗa aka yarje mini, ai ni ma Kallio ne, rabin allon ma ba sai an taɓa shi ba. Sai ya ce da masunci ne ya kama da ya daure. Amma Baba a teku ya ƙare rayuwarsa, ya bar yatsu biyu a bakin injin jan taru, bai ga yadda za a yi mai zuwa ruwa ran Asabar da alli a hannun riga ya ture shi don sa'a ta faɗo masa ba. Ya dafa mini kafaɗa, wallahi cikin ƙauna, ya ce Malam, kai fa baƙo ne a ruwa, kifin ne kawai bai sani ba.

Ki hango ƙanenki, malamin tarihi, zaune tsirara da reshen ganyen da ake bugun jiki da shi a hannu, gumi na zuba, an soke shi kuma doka ta hana shi ihu. Na zauna har tururi ya kwanta. Na watsa ruwa, na sa kaya, har na yi masa godiyar sauna kamar yadda aka saba, don tarbiyya ba ta san lokacin da ya kamata ta ƙyale mutum ba. Sannan na taka zuwa gida.

Ba zan yi miki ƙarya in ce allon bai dame ni ba. Da an kai kifin nan sikeli da na tsaya ƙarƙashin sunana da sabuwar riga an ɗauke ni hoto, in aiko miki guda biyu. Amma ba shi ke ci mini rai ba. Shekara talatin ina tashi cikin sanyi ina ɗaura masa ƙugiya tun da idonsa ya fara gajiya. Ban taɓa ɓarar masa da kifi ba, ko ɗaya, ki tambaye shi. Ina zaton 'yan'uwa biyu ne a jirgin ubansu, ashe mai gida ne da baƙon da ake haƙuri da shi. Duk tsokanar nan ta Malam mai alli da nake dariyarta, ashe shi ba wasa yake yi ba.

A makon nan, karo na farko a tarihin rahoton, na rubuta gaskiya. Na ce bayan Dutsen Hankaka, da cikar ruwa, akwai cinuk da ya haura laba sittin, yana nan da ransa da ɗan tabo a leɓe, mai zuwa ya zo da wanda ya yarda da shi a kan koma. Kin san abin da ya faru? Gari ya karanta, ya juya maganar kamar kullum, jirage suka kwasa suka yi kudu. Wani ma ya tare ni a kanti ya ce Malam, wannan karon ka zarce, ko ƙarya tana da iyaka. Mutum biyu ne suka san gaskiya ce. Sulo ya ce mini shi ba zai sa baki a maganar gida ba, amma kwalekwalensa na nan in ina so. Yaya Toivo kuwa, in ji Doreen, ya daɗe tsaye gaban takardar, ya dawo gida bai ci abinci ba. Washegari muka tarar da ƙunshin kifi mai hayaƙi a bakin ƙofa. Marjatta ta ce in ci, kifin ba shi ya yi mini laifi ba. Na ci, don gaskiya babu mai gasa kifi kamarsa a tsibirin nan. Amma haƙuri bai ba ni ba, kuma ya gaya wa matarsa ko gobe aka sake haka zai yi.

Na rataye masa mabuɗin jirgin Baba a ƙusar da Baba ke rataye shi. Yanzu ni kaɗai nake fita a kwalekwalen Sulo, sanda a hagu, koma a dama, kamar mai rawa da mata biyu. Na ɓarar da uku, kuma abin mamaki ba su yi mini ciwo ba, tunda na san hannun da ya ɓarar da su. Na huɗun na shigar da shi, ɗan madaidaici, ta kai, ɗiba ɗaya. Da na gyara shi a kwata na yanke kan, sai na tsinci kaina ina neman leda in ƙunsa wa Yaya. Na tsaya riƙe da shi kamar wawa, sannan na kawo shi gida. Marjatta ta yi miyarsa da madara da dankali irin ta Mama. Ban taɓa cin kan kifin da na kama da kaina ba sai ranar. Miyar ta yi daɗi ƙwarai, na kasa shanye ta.

Abu biyu nake roƙon ki. Na farko, kada ki ce za ki sasanta mu ta waya, kin san Doreen za ta ɗauki ɗaya kan wayar ta saurara. Ki zo da kanki Agusta mai zuwa ki riƙe mini koma. Gwiwa ba ta hana wannan aiki, zan sa miki kujera da matashi. Na biyu ya fi nauyi. Ke ce babba, ke kika fi mu zama da Baba, ke ya fi gaya wa abin da ke ransa. Ranar da na tafi makarantar horon malamai ya raka ni jirgin fito, ya miƙa mini sandar nan da nake kamu da ita har yau, bai ce komai ba. Duk shekarun nan na ɗauka albarka ce ya sa mini. Tun ranar saunar nan nake juya abin, ko sallama ce. Shi ma baƙo ya ɗauke ni? Ki rubuto mini gaskiya, Yaya, ba irin ta rahoto ba. Duk yadda take zan iya ɗauka, in dai ta kai aka tare ni da ita.

Ki gaishe mini da Lorne, ki ce masa ƙananan kifayen tafkinsa mu da irinsu muke yin tarko. Ki gaishe da Kaarina da mijinta, da Henrik, da 'yan jikoki, musamman takwarana Reino ƙarami, ki ce masa ya yi karatu amma ya riƙa karkaɗe hannun riga. Marjatta tana gaishe ki da kyau, ta ce kwalaben kifinki na hanya. Sulo ma ya ce a gaida yarinyar nan mai koma. Allah ya ƙara lafiya, ya sa mu gana da alheri.

Ni ne ƙanenki,
Reino,
wanda shi ma ɗan Arvo Kallio ne.