Hamon ɗin da Ba Mu Jiƙa Ba

Silay, 28 ga Disamba

Zuwa ga yayata abar ƙauna, Manang Nilda,

Gaisuwa mai yawa daga gidan da kika taso. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mijinki Wendell da yaran. Allah ya sa sanyin Tulsa, can Amurka, bai kama miki gwiwa kamar bara ba, ya ƙara miki ƙarfin tsayuwar aiki, ya sa shekarar da ke tafe ta zo muku da sauƙi. Mu nan lafiya muke, gwargwadon abin da shekaru suka bar mana. Matata Minyang ta rabu da tarin nan, har ta koma cikin mawaƙan coci, ko da yake ban ji wanda ya zo yi mata barka daga cikinsu ba. Makaranta ta ba da hutu, ɗalibaina sun huta da ni, ni ma na huta da su. Yankan rake ya kankama, manyan motoci na ta wucewa ta ƙofar gida suna girgiza mana tagogi kamar kullum.

Na zaɓi rubutu a kan kiran waya don in muka haɗu a waya kowa ihu yake yi, ba mai jin wani, ga babanmu Tatay a ɗaki yana sauraro. Kin ga hoton hamon ɗin, cinyar aladen nan mai gishiri, da ƙanenmu Senyong ya tura miki ranar Kirsimeti, har kika rubuta a ƙasa cewa sak irin na mahaifiyarmu Nanay. Hoton bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi komai ba. Kuma tun da kin ce idan sabuwar shekara ta shigo Tatay bai canza ba za ki shigar da takardun ɗauke shi zuwa wurinki, ya kamata ki ji abin da ya faru daga bakin wanda ya ɗanɗana.

Ban ga laifinki a maganar takardun ba. Tun da muka binne Nanay a watan Maris, Tatay bai ƙara zama a teburin cin abinci ba. A ɗaki ake kai masa, ya yi loma uku ya ture. Wandonsa sai da Minyang ta rage masa ƙugu sau biyu. Ranar da na gaya masa shawararki bai yi faɗa ba, ya dai ce a kai shi inda ba ya jin ƙarar motocin rake, a can ne zai gama da wuri, kowa ya huta. Shi ya sa da ya ce zai fito tebur ranar Kirsimeti in dai akwai hamon, duk gidan ya ɗauki cinyar aladen nan tamkar takardar likita. Muka ɗage cin abincin daga tsakar daren jajibiri da muka saba zuwa tsakar ranar ashirin da biyar don kada mu hana shi barcinsa, Senyong kuma ya ce shi zai yi, tun da shi ne autan Nanay, kuma ga murhun da Wendell ya aiko.

Ki yi wa Wendell godiya, murhun ya iso lafiya, girmansa ya kusa na keken haya. Mun tuna muka sa masa taransfoma kafin mu jona shi, ba mu maimaita abin da muka yi wa injin markaɗenki ba. Buhunan ƙwayoyin katakon da yake ci kuwa sun jawo mana maƙwabcinmu Tiyo Baldo. Ya leƙo ta kan shinge, ya damƙi hannu guda, ya shinshina, ya ce lalle zakarun Amurka na shan gata. Kafin Senyong ya yi masa bayani har ya watsa wa jan zakaransa na faɗa. Zakaran ya tsattsagi ɗaya, ya tofar, ya kalle mu kallon da har yau nake jin kunyarsa. Baldo ya ce, "To in ba abincin kaji ba ne, kuna nufin itacen ma sai an niƙa wa Bature kafin ya hura wuta?"

Wendell ya haɗo da bayani shafi uku da rubutun hannunsa, Senyong ya haddace su yadda bai taɓa haddace karatun coci ba. Ya shiga Bacolod ya je shagon 'yan Sin ɗin nan da Nanay ke zuwa, ya sayo irin wanda take saye, busasshe, mai tauri kamar katako, naɗe cikin takarda da raga. Ya wanke shi tas, ya tsattsaga bayansa gida-gida, ya soka kanumfari a kowane gida. Ya dama ruwan abarba da mazarƙwaila da zuma. Da safiyar Kirsimeti ya kunna murhun a gindin mangwaro, ya soka wa naman allurar awon zafi, ya zauna yana kallon wayarsa, don ta nan murhun ke gaya masa halin da yake ciki. Ni aikina riƙe takardun Wendell da karanta su da ƙarfi, tun da an ce ni ne mai ilimin gidan.

Sau biyu Tatay ya fito a safiyar nan, abin da ya daɗe bai yi ba. Karon farko ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana kallon naman, Minyang ta ruga ta kawo kujera tana cewa, "Tay, zauna ka huta, yau ba abin da za ka taɓa." Karo na biyu ya matso har kusa da murhun, ya buɗe baki zai yi magana, Senyong ya riƙo hannunsa ya ce hayaƙi ba shi da kyau ga ƙirjinsa, ya koma ciki za a kira shi. Ni ma na sa baki na ce haka ne. Ya koma.

Manang, ban taɓa ganin nama mai kyan wannan ba. Awa huɗu yana shan hayaƙi, duk rabin awa Senyong na shafe shi, har ya yi ja yana sheƙi kamar sabon teburin coci. Ƙamshin ya fito da Baldo sanye da rigar salla ba tare da an gayyace shi ba. A lokacin ne aka ɗauki hoton da kika gani. Tatay ya fito da farar rigarsa, ya zauna a kujerarsa ta kan tebur, aka yi addu'a, Senyong ya yanka na farko ya sa masa a faranti. Tatay ya kai baki, ya daɗe yana taunawa. Ganin haka ni ma na kai nawa. Kin san na karanta labaran mutanen da jirgi ya nutse da su suka sha ruwan teku, sai ranar na fahimci abin da marubutan ke ƙoƙarin faɗa. Kamar an dafa tekun Guimaras har ya ƙone aka kankaro gindin tukunyar. Baldo ya shanye kofi biyu na ruwa, hawaye na zuba, ya ce wa Senyong, "Noy, ɗana, wannan aladen a ruwa aka kamo shi ko a tudu?" Minyang kuwa ta miƙa hannu za ta janye farantin Tatay saboda hawan jininsa.

Tatay ya dafe farantin. Ya haɗiye, ya goge baki, ya tambayi Senyong kwana nawa naman ya yi a ruwa. Senyong ya ce, "Wane ruwa, Tay?" Na duba shafuka ukun nan gaba da baya, babu ruwa a ciki. Daga baya na gane dalili: hamon ɗin da Wendell ya sani dafaffe ne tun daga kanti, ɗumamawa kawai yake buƙata da ado. Namu kuwa wata da watanni yake yi a cikin gishiri.

Kin tuna bahon ƙarfen nan da ake ajiyewa bayan famfon tuƙa-tuƙa duk ƙarshen shekara, an rufe shi da katako an ɗora dutse, Nanay na cewa kada wanda ya taɓa, wanki ne? Ba wanki ba ne. Ta faɗi haka ne don ta san in muka ji nama ne sai mun buɗe wa kyanwa. Shekarata hamsin da biyu, ina koya wa yaran mutane su lura da abin da ke ɓoye cikin labari, ban taɓa tambayar kaina me ya sa zannuwan gadonmu ke buƙatar dutse ba. Kwana uku hamon ke yi a bahon, ana zubar da ruwan safe da yamma ana zuba sabo. Kuma ba Nanay ke yi ba. Tatay ne, kafin ya tafi kamfanin sukari da bayan ya dawo, tun shekarar da suka yi aure. Ya ce a rana ta uku yakan tsoma yatsa ya lasa, in ruwan ya yi daidai da miyar da za a iya sha, sai ya ce mata ta ɗora tukunya.

Senyong ya tambaye shi me ya sa bai faɗa ba, alhali ya ga naman tun shekaranjiya. Tatay ya ce, "Na ɗauka injin ne zai cire gishirin. Abin da ke amsa waya, me zai gagare shi?" Baldo ya fashe da dariya shi kaɗai. Sai Tatay ya ƙara da cewa, ba tare da ya kalli kowa ba, "Kuma kun ce in huta. Wata tara ke nan ina hutawa." Senyong ya tashi ya fita, na hango shi zaune a matakalar baya da rigar girkin da Wendell ya aiko, ya kifa kai a gwiwa. Kin san ko a wurin jana'iza bai yi kuka ba. Na so in bi shi, amma Tatay ya riga ni miƙewa. Ya leƙa ta taga ya ce, "Kai, mai wayar, in ka gama ka ɗauko bahon. Ba a zubar da hamon a gidan nan."

Abincin Kirsimetinmu na bana taliya ce mai zaƙi da shinkafa da gasasshiyar kaza, kuma Tatay a tsaye ya ci nasa, yana ba da umarni da cinyar kaza a hannu. Ya sa aka kankare adon nan mai sheƙi, aka raba naman da ƙashi, aka yanka shi manya-manya don gishirin ya fi saurin fita. Ni aka ba tuƙa famfo, har yanzu kafaɗata na ba ni labari. Kwana biyu yana fita da kansa yana sa a canza ruwa, yana tsoma yatsa, yana ce wa Senyong shi ma ya lasa ya faɗi abin da ya ji. Jiya ya ce ya yi. Aka tafasa shi da ruwan abarba da giya. Ban zaci zai waiwayi murhun Wendell ba, sai ga shi ya sa an buɗe masa akwatin ƙwayoyin, ya ga murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura su cikin wuta, ya ce ai wannan ƙanen wanda ya yi shekara talatin yana gyarawa ne a kamfani. Ya yarda a ba naman awa ɗaya a ciki, ya ce hayaƙin ba shi da laifi, masu shi ne ba sa tambaya.

Saura sukari. Ya ce ba za a shafa ba, yadda Nanay ke yi za a yi. Aka barbaɗa mazarƙwaila, aka sa faffaɗan cokalin suyanta na ƙarfe a wuta har ya yi ja. Wannan aikin nata ne, shi bai taɓa yi ba. Da ya ɗora ƙarfen sukarin ya yi cuu, ƙamshin nan ya cika kicin. Cokalin ya yi masa nauyi, Senyong ya riƙe masa tsintsiyar hannu suka ƙarasa tare. Gefe ɗaya ya ƙone ƙurmus. Tatay ya duba ya ce ita ma shekarar farko haka ta ƙona, ta ɗora wa gawayi laifi. Ya zauna a tebur ya ci yanka uku da shinkafa, ya nemi ƙari, Minyang ta hana, suka yi musu sosai. Na daɗe ban ji abin da ya yi mini daɗi kamar musun nan ba.

Ba zan ce miki ya warke ba. Har yanzu a rame yake, kuma da la'asar yakan shiga ɗaki ya turo ƙofa, mu bar shi. Amma yau da safe a tebur ya karya, kuma ya sa Senyong ya farfasa ƙashin don miyar sabuwar shekara. Roƙona, Manang, ki ajiye takardun nan tukuna. Wata tara muna lallaɓa shi kamar ƙwai, mun kusa lallaɓa shi zuwa kabari, ni da karatuna ina kan gaba. In kin kira ranar Lahadi, ki bar maganar magani da cin abinci, Minyang na riƙe da wannan. Ki tambaye shi wani abu da ya sani wanda ba ki sani ba. Sun fi yadda muke zato yawa.

Tatay ya same ni ina wannan rubutu, ya tambaya wa nake rubuta wa. Da na ce ke ce, sai ya ce in gaya wa Wendell ƙarfen turawar nan na buƙatar man gris, ya aiko da zanen cikin injin. Ya juya zai tafi, ya dawo ya ce, "Ita kuma ka ce mata ban gama da gidan nan ba."

Ki gaishe mini da Wendell, ki ce masa bayaninsa daidai yake, aladenmu ne bai iya Turanci ba. Ki gai da Marisol da Dennis, ki ce kawunsu na jiran wasiƙa mai jimla fiye da ɗaya. Minyang na gaishe ki, Senyong ma, ya roƙa kada ki goge hoton. Tiyo Baldo ya ce a gaishe ki, ya kuma tambaya ko Amurka na da abincin zakara na gaskiya. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu a teburin nan.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Ruperto