Jan Littafin Mama Laburare

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki, da maigida da yara? Mu nan lafiya lau, sai tumbina da ke ta ƙaruwa ba da izinina ba.

Ranar Lahadi fasto ya karanta mana labarin kutaren nan goma da aka warkar, ɗaya kaɗai ya dawo godiya. Ina cikin gyaɗa kai irin na mutanen kirki, sai na hango kaina tsaf a cikin sauran taran.

Kin tuna Mama Laburare, mai tabarau da igiya a wuya? Ita ta ba ni kujerar kusa da taga a laburarensu shekarar da Baba ya rasu na bar makaranta. Ba ni da kati, amma takan turo min littafi a ƙarƙashin jarida, ta kau da kai. Duk surutun da nake yi wa ɗalibaina yau daga teburinta na kwaso shi. Shekara talatin da ɗaya kunya ta hana ni komawa: wani jan littafi nata na kanta, da ta ba ni aron mako guda, yana cikin akwatina har yanzu.

An ce ta tsufa ƙwarai, idon ma ya tafi. Asabar zan je kafin in makara. In ta kore ni, na cancanta.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata maganin ya karɓe ki.

Na je. Na shirya jawabin godiya mai sakin layi uku, ba ta bari na kai rabin na farko ba. Ta karɓi littafin, ta shinshina shi, ta laluba har yatsanta ya taɓa wani tsinken tsintsiya a shafi na ɗari da arba'in. Ni na ɗauka datti ne, lalaci kawai ya hana ni cirewa. Ashe alamarta ce. A wancan lokacin tana tsakiyar karatu ta ga ina ta leƙen littafin, ta miƙo min. Ba ta taɓa sanin yadda labarin ya ƙare ba.

Ta ce, "Kai ne mai lasar yatsa kafin ya buɗe shafi? Zauna. Kada ka kuskura ka gaya min ƙarshen. Karanta."

Na karanta shafi goma sha biyu, ta gyara min furuci sau huɗu, ni da furfurata. Saura shafi ɗari biyu, kuma na lura ina rage sauri da gangan.

Don haka kada ki sa ran ganina ranakun Asabar. A gaishe min da kowa.

Naki,
Auta