Izu Bakwai da Baba Ya Bari

Yaya Fanna,

Assalamu alaikum. Ya Inna da mutanen Koki? Ina nan Jidda lafiya, sai dai idon nan.

Kin tuna aikin leza da aka yi mini, har na yar da tabarau? Shekara goma sha ɗaya ina gani garau, yanzu ƙaramin rubutu dishi-dishi nake ganinsa. Likita ya ce aikin bai lalace ba, girma ne.

A gaban kwamfutar kamfani na ƙarar da shekarun, kullum ina cewa in na dawo zan ƙarasa izu bakwai da suka rage a Alƙur'anin da Baba ya rasu yana rubutawa. Yanzu ko da tabarau wasulla haɗe mini suke yi.

Ki kai wa ɗalibinsa Malam Ashafa ya ƙarasa. In Inna ta tambaya hannun waye, ki gaya mata gaskiya.

Ƙaninki,
Kyari