Na Auna Iskar Teku da Goro, Alhali Kilishi Nake Sayarwa

Zuwa ga Baba Zailani,

Assalamu alaikum. Baba, ka taimake ni don Allah. Bakina ya kai ni inda ƙafata ba ta son zuwa, kuma saura mako uku in kwashe iyali mu hau jirgin ƙasa. Kada ka buga sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa zama a rumfar mahauta ta kasuwar Arzeke zai gane ni kafin ya kai rabin takardar nan, don a Paraku babu mai cika baki kamata.

Ni haifaffen Jugu ne, gidan fataken goro tun kaka da kakanni. Ni kaɗai na fita zakka. Na bi wani mahauci zuwa Paraku na koyi kilishi, yau shekara goma sha huɗu ke nan ina shanya nama a unguwar Albarika. Ba yabon kai ba, kilishina yana da suna, ko da yake yabon kan ne ya jefa ni cikin wannan hali.

Tun da aka sami mulkin kai kowa ya kama hanyar kudu, wai can ma'aikata suke, can ake cin nama. Ni ma zuciyata ta tashi. Sai ga kira biyu a wata ɗaya. Yayana Abdulbaƙi, mai sayar da goro a zangon Kwatano, ya aiko in zo, ya tanadar mini ɗaki da gurbi a bakin hanya. Ladan kuma, yayan matata Hannatu, yana Lome, shi ma ya ce ƙofa a buɗe take. Na daki ƙirji na ce ni ba na zaɓen gari da ka, sai na je na auna iskar kowanne da kaina.

A gidanmu akwai yadda ake gwada gari. Kakanmu in ya sauka a zango, sai ya zare goro ɗaya daga cikin ganye, ya ajiye shi a inuwa a kan katanga, ya jira ya ga kwana nawa zai yi bai yamushe ba. In ya daɗe da ƙwarinsa, gari ya yi, a sauke kaya. In ya yi saurin motsewa, a ɗora wa jakuna a ƙara gaba. Da wannan babban ilimi na tafi, da goro biyu a aljihu da ƙunshin kilishi biyu na talla.

Na sauka Kwatano a watan Yuni, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba, na ga komai da idona. Rigar da na wanke ran Litinin har Alhamis tana ɗiga. Ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a kwano, ruwa ya kwanta a lungu har sai ka naɗe wando kafin ka je masallaci. Sauro kuwa ya san na zo. Amma duk safiya sai in je in duba gorona, in gan shi jajir, kamar yanzu aka ɓare shi. Kwana takwas bai ko motsa ba. Na ce kai, wannan gari albarka ce zalla.

Na ɗan yi jinyar zazzaɓi a wurin yayana, sannan na wuce Lome wajen ƙarshen Yuli. Can ma akwai zufa, amma da la'asar wata iska takan taso daga teku, mutum ya ji kamar an sauke masa kaya. Sau ɗaya aka yi yayyafi. Wanki yakan bushe kafin azahar. Na yi barci, na ci abinci, har na ɗan yi ƙiba. Goro fa? Kwana huɗu ya yamushe. Shi ke nan na yanke wa garin hukunci.

Da ma na yi shiru na dawo gida. Ina! Na biyo ta Sokode na sauka Jugu, na zauna a zauren surukina, mahaifin Hannatu da Ladan, gaban baƙi, na yi wa Lome tatas. Na ce iskarta busar da mutum take yi, na ce ban san me ya zaunar da Ladan a can ba. Dattijon carbinsa kawai yake ja. Na iso Paraku na maimaita a rumfa, har da nuna yamusasshen goron a matsayin shaida. Hannatu Lome take so, kusa da ɗan'uwanta, amma ba ta yi musu ba. Ta raba kajinta ga maƙwabta, ta fara ɗaure tukwane.

To, makon jiya wani direba ya kawo mini saƙo daga Abdulbaƙi. Na kwance, sai ga kilishin da na bar masa na talla, ya yi laushi kamar tsumma, funfuna ta rufe shi kore shar. Ya haɗo da 'yar takarda yana tambaya ko sabon yayi ne na ƙirƙiro. Na jefa wa karen maƙwabta, ya shinshina, ya dube ni, ya yi tafiyarsa. Bayan kwana biyu wasiƙar Ladan ta iso. Wai nasa ƙunshin ya kai mako uku da ƙamshinsa, yanzu ya ƙare, mutane sun dame shi da tambaya.

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Goro danshi yake so, kilishi kuwa danshi ne ajalinsa. Shekara goma sha huɗu ina kwasar nama a guje da zarar na ga hadari, amma na je na zaɓi garin da hadari ke kwana ya wuni, saboda goro ya ji daɗinsa. Ni da ko ƙwarya ɗaya ta goro ban taɓa sayarwa ba!

Har yau ban gaya wa kowa ba. Kunya ta hana ni. In na ce Lome, da wane ido zan dubi surukina, me zan ce wa yayana, kuma wane suna 'yan rumfa za su laƙaba mini? In na daure na tafi Kwatano, tsoro nake ji, Baba, tsoro na gaske. 'Ya'yana uku, kuma ban iya komai ba sai kilishi. Tsakanin garuruwan nan biyu wanne ya fi daɗin zama? In da hali ka ce Kwatano, zan fi samun sauƙi.

Naka,
Masanin Iska na Albarika

Ɗana Masanin Iska,

Wa alaikumus salam. Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma ba zan ce Kwatano don in faranta maka ba.

Na yi shekara tara a Kwatano ina aikin jirgin ƙasa, Lome kuma na sha zuwa. Duka biyu akwai zafi da danshi. Kwatano ta fi samun ruwan sama, tana tsakanin teku da tafki, ruwa in ya zuba ba ya saurin tafiya. Amma ga kifi, ga kasuwa, ga jirgi da zai kawo ka gida kai tsaye, ga ɗan'uwanka na jini. Lome ruwanta bai kai haka ba, iskarta ta fi sauƙi, sai dai wata ƙasa ce, akwai iyaka da takardu. Ga mai goro Kwatano ta fi. Ga mai shanya nama Lome ta fi dama-dama.

Na ce dama-dama, don kada ka sake yin gaggawa. Ka ga Kwatano a tsakiyar damina, ka ga Lome bayan ruwa ya ɗauke. Ashe gwajinka na biyu ma rabi ne. Lome ba Paraku ba ce, can ma za ka sami watannin da rana ba za ta ishe ka ba.

Saboda haka kada ka kwashe iyali cikin mako uku. Ka tafi Lome kai kaɗai, ka zauna har ka ga ruwan watan Oktoba, in da hali har babbar damina. Ka riƙa yanka nama da siriri, ka daɗe da shi a kan garwashi, ka yi kaɗan-kaɗan wanda zai ƙare da wuri. Ranar da sama ta rufe ka koma tsire da balangu. In sana'a ta zauna, ka dawo ka ɗauke su.

Yayanka kuwa kada ka damu. Wanda ya aiko maka da wannan ƙunshi ya riga ya gaya maka kada ka zo, kunyarka kawai ya rage maka. Ka rubuta masa godiya. 'Yan rumfa za su yi dariyar mako guda, ka taya su, za ta fi saurin wucewa. Surukinka ka je Jugu da ƙafarka, ka janye maganar a zauren da ka yi ta.

Amma ka fara da Hannatu, yau ɗin nan. Ladan da ya rubuto maka, kana tsammani bai rubuto wa ƙanwarsa ba? Ina kyautata zaton ta san komai, kuma ta ci gaba da ɗaure kaya don ta bi ka inda ta san za ku wahala, gudun kada ta kunyata ka. Matar da ta yi maka wannan ba a bar ta ta ɗaure tukunya ta ƙarshe kafin ta ji gaskiya daga bakinka.

Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ya sa wa sana'arka albarka, ya raya yaran.

Baba Zailani