Minti Ashirin Ɗin Baba

Zuwa ga Yaya Alvin,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Marcelle da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin Alaska ya bar muku kunnuwanku. Mu nan Detroit kowa ƙalau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zuwa coci da ƙafarta.

Ka gyara zama kafin ka ci gaba: Baba ya shiga jirgin sama. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana haɗa motoci, yana cewa duk abin da tayarsa ba ta taɓa ƙasa bai yarda da shi ba. 'Yar Yaya Gwen, wato Tasha, ce ta gama karatun jinya a Chicago, ta ce in babu Kaka a bikin yayewa ita ma ba za ta je ba, ga likita ya hana shi dogon zama a mota saboda bayansa. Sai na nuna masa tikiti: tashi ƙarfe tara, sauka tara da minti ashirin. Ya ce minti ashirin dai zai iya runtse ido ya daure. Ban gaya masa agogon Chicago yana bayan namu da awa guda ba. Allah ya yafe mini.

Muna zama ya runtse ido, agogo a tafin hannu. Tara da ashirin ta yi, ko gama hawa sama ba mu yi ba. Ya daure har goma saura, sannan ya buɗe ido ɗaya ya leƙa taga, ya ga ruwan tafki iya ganinsa. Ya yafito ma'aikaciyar jirgin, ya yi ƙasa da murya don kada ya tsorata mutane, ya ce, "'Yata, je ki gaya wa direban nan ba abin kunya ba ne mutum ya tambayi hanya." Ita ce ta tona mini asiri. Biskit ɗina kawai ya ɗauka ya cinye.

Biki ya yi kyau. Da aka kira sunan Tasha Baba ya yi hawaye, ya ce fitilu ne suka yi yawa. Rigima sai ranar dawowa, da ya ga tikiti: tashi huɗu, sauka shida da ashirin. Wai hanya ɗaya, mil ɗari biyu da 'yan kai, zuwa minti ashirin, dawowa awa biyu da ashirin, mutanen nan ba su da magana ɗaya. Tasha har zane ta yi masa a takarda. Sarai ya gane, mafaka ya samu. Ƙarshenta Reggie mijin Yaya Gwen ne ya kawo mu a mota, awa bakwai, muna tsayawa Baba yana miƙe baya, yana gaba yana nuna wa Reggie hanyar da shi Reggie ya fi shi sani.

Don haka saƙonka na ya zo muku Kirsimeti, na isar masa. Ya tambayi nisa, na ce kusan mil dubu uku, kuma wannan karon na faɗi gaskiya cewa agogonku yana bayan namu da awa huɗu. Ya ce to madalla, ashe ka fi mu lokaci, sai ka zo da kanka.

Ka gai da Anti Marcelle, da Corey, da 'yar auta Nia. Mama tana sa muku albarka.

Taka ƙanwa,
Renita